Yadda gari ke raba mutanensa da kwanan titi: a ba su makulli tukuna

Duk garin da ya tashi ya ce zai kawo ƙarshen kwanan titi, kusan abu ɗaya yake fara yi. A kafa kwamiti, a yi taro a otal, a gina wani ƙaton gidan kwana mai gado ɗari biyu, a yanke ƙyalle, a ɗauki hoto, shi ke nan kowa ya watse. Bayan shekara biyar ka koma ka tarar gadajen a cike, ƙarƙashin gada ma a cike, kuma fuskokin da ka bari su ne dai, sai dai sun ƙara tsufa. To wannan bayanin na masu riƙe da gari ne, da ma'aikatan jin ƙai, da duk wanda abin ke ci wa tuwo a ƙwarya. Ba daga kaina na ƙirƙiro shi ba, akwai garuruwan da suka shafe shekara goma, ashirin, wasu har talatin suna wannan fama, irin su Helsinki a Finland da Houston a Amurka da wani ɗan ƙaramin gari a Kanada mai suna Medicine Hat, kuma abin da suka yi daidai da inda suka yi tuntuɓe duk a fili yake.

Ku fara da sanin su waye, da sunansu

Yawancin garuruwa adadi suka sani, ba mutane ba. A Amurka misali, ana fita a wani dare ɗaya a ƙarshen watan Janairu a ƙirga duk wanda aka gani a titi ko a gidan kwana, wannan lambar ita za a yi ta yawo da ita har wata shekarar. To ai wanda ya kwana a mota a wannan daren ba a gan shi ba, matar da ke raɓe a falon ƙawarta da yara biyu ba a gan ta ba, wanda ke kwance a asibiti kuma ba shi da inda zai koma in an sallame shi shi ma bai shiga lissafi ba. Ƙidayar tana da amfaninta, amma ba za ka sama wa lamba gida ba.

Abin da garuruwan da suka ci gaba suke yi shi ne jerin sunaye mai rai. Kowane mutum da sunansa, shekarunsa, tun yaushe ya rasa muhalli, inda yake kwana yanzu, ciwon da yake fama da shi, takardun shaida da yake da su da waɗanda suka ɓata, da ma'aikacin da ke bin lamarinsa. Ana sabunta shi aƙalla duk wata, ba duk shekara ba. Wata ƙungiya a Amurka mai suna Community Solutions ita ta yaɗa wannan tsarin a ƙarƙashin shirinta na Built for Zero, kuma da shi garin Rockford a jihar Illinois ya fara kawo ƙarshen kwanan waje na tsofaffin sojoji a 2015, daga baya ya koma kan waɗanda suka daɗe a titi. Amfanin jerin shi ne a wurin taro ba za a ce "muna da mutum 340" kowa ya gyaɗa kai ba, sai dai a ce wane fa? wata uku ke nan sunansa na nan, me ya hana? Sai a tarar ashe katin shaida ne kawai ya ɓata masa, kuma ofishin da ke bayarwa yana neman adireshi, shi kuma ba shi da adireshi saboda ba shi da gida, ba zai samu gidan ba kuma sai da katin. Irin wannan ƙullin mutum ɗaya da waya a hannu zai warware shi cikin kwana biyu, amma sai an san da shi tukuna.

Abu ɗaya dai, jerin nan sirrin mutane ne. A nemi izinin kowa kafin a sa shi, kuma kada ya faɗa hannun masu kame. Ranar da mutanen titi suka gane cewa sunan da suka bayar shi aka bi aka kwashe musu kaya, to ba wanda zai ƙara gaya muku ko sunan kakarsa.

Sai babbar maganar

Tsohon tsari, wanda har yanzu wurare da yawa ke kai, kamar tsani yake. Ka fara daga gidan kwana na dare, in ka daina shaye-shaye a ɗaga ka zuwa gidan gyaran hali, in ka riƙe shan magani ka bi doka a kai ka gidan wucin gadi, in ka nuna ka "shirya" sai a ba ka naka. Ka yi kuskure ɗaya, ka dawo ƙasa ka fara daga farko. A takarda abin kamar da hankali. Amma ka tsaya ka dubi ranar mutumin da ke matakin farko: ƙarfe bakwai na safe an tashe shi an ce ya fita, jakarsa a kafaɗa da duk abin da ya mallaka a duniya, ba inda zai ajiye ta, jiya bai yi barcin kirki ba saboda mutum talatin ne a ɗakin, wani na tari wani na ihu cikin barci, takalminsa ma a ƙarƙashin kai ya sa don kar a ɗauke. Yana da ciwon suga, allurarsa na buƙatar firji, ba firji. Ya je neman aiki fom ya ce rubuta adireshi. Ƙarfe biyar ta yi dole ya koma layi don kar gado ya ƙare. Wannan mutumin ne fa ake ce wa ya natsu ya gyara rayuwarsa tukuna sannan a ba shi ɗaki. Haba. Ko mu da muke kwana a kan katifarmu barin sigari kaɗai yana gagararmu.

A 1992 wani masanin halayyar ɗan Adam a New York, Sam Tsemberis, ya kafa Pathways to Housing ya juya tsanin. Ya gaji da kai mutane asibitin ƙwaƙwalwa yana sake tarar da su a bakin titi ɗaya, sai ya fara tambayarsu me kuke so, amsar kuma kusan kullum ɗaya ce, wurin zama. Sai ya ba su. Fulat na haya kamar na kowa, ba sharaɗin sai ka daina sha, ba sharaɗin sai ka yarda da magani, sharaɗin kawai ka biya kasonka na haya daga abin da kake samu, wajen kashi 30 cikin ɗari, ka kuma yarda ma'aikaci ya riƙa leƙo ka. Shi ne tsarin da ake kira Housing First, wato gida tukuna. Kusan mutum huɗu cikin biyar suka zauna daram a gidajensu, mutanen da aka riga aka yanke ƙauna a kansu.

Nasan abin da wani zai ce, don ni ma na faɗa da farko: wato a ba mashayi gida ya je ya ci gaba da sha a ciki? To Kanada ta gwada abin da kuɗinta. Daga 2009 zuwa 2013 ta kashe dalar Kanada miliyan 110 a kan gwajin At Home/Chez Soi a garuruwa biyar, Vancouver, Winnipeg, Toronto, Montreal da Moncton, mutum sama da 2,000 masu fama da taɓin hankali, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu aka ba su gida kai tsaye wasu aka bar su a tsarin da aka saba. A wata shida na ƙarshen gwajin kashi 62 na waɗanda aka ba gida suna cikin gida ba fashi, a ɗaya ɓangaren kashi 31. Faransa ma ta yi nata daga 2011 a Paris da Marseille da Toulouse da Lille, sakamakon ya zo kusan haka. Amma in faɗa muku gaskiya kar a yi muku daɗin baki, shaye-shayen da ciwon ƙwaƙwalwar ba su ragu fiye da na ɗaya ɓangaren da wani abin a zo a gani ba. Gida maganin rashin gida ne. Jaraba da ciwo nasu aikin daban ne, sai dai yin aikin a kan mutumin da ke da ƙofar da zai rufe ya fi yin sa a kan wanda ba ka san inda za ka same shi gobe ba.

Finland ita ta ɗauki abin ta mai da shi tsarin ƙasa. A 2007 wani ƙaramin kwamiti na mutum huɗu ya miƙa wa ministan gidaje na lokacin, Jan Vapaavuori, rahoto mai taken da ke nufin "suna a jikin ƙofa", a 2008 aka fara shirin PAAVO, wato shirin ƙasa na rage yawan waɗanda suka daɗe ba muhalli. Abin da ya fi burge ni a nasu shi ne ba su tsaya a ƙara gidaje ba, gidajen kwanan ma suka rufe suka mai da su fulat. Akwai wani tsohon gini a titin Alppikatu a Helsinki na ƙungiyar agaji ta Kirista mai suna Salvation Army, da gado 250 ne a ciki maza a jere, aka fasa cikinsa aka sake shi, a 2012 aka buɗe shi da fulat 81, kowanne da kicin da banɗaki da makulli, kowane mazauni da takardar haya da sunansa, ma'aikata kuma suna ƙasa dare da rana. A 1985 Helsinki na da gadajen irin wannan kwanan sama da 2,000, zuwa 2016 saura 52 na gaggawa kawai. A ƙasar gaba ɗaya marasa muhalli sun kai wajen 18,000 a 1987, zuwa 2023 sun koma ƙasa da 3,500, kuma mafi yawan waɗannan ma ba a titi suke ba, raɓe suke wurin 'yan uwa da abokai.

Ku kwatanta da New York ɗin da aka haifi tsarin. Tun yarjejeniyar kotu ta 1981 doka ta tilasta wa birnin ba da wurin kwana ga wanda ya nema, abu ne mai kyau don mutane ba sa mutuwa da sanyi a waje kamar da, amma birnin na zuba biliyoyin daloli duk shekara a gidajen kwana, dubun-dubatar mutane na ciki, iyalai na shafe sama da shekara. Gidan kwana ku riƙe shi kaɗan don daren farko da na biyu. In ya zama nan ne mutum zai yi shekara uku, to kun dai ɓoye matsalar ne daga idon masu wucewa.

To ina gidajen?

Nan ne yawancin shirye-shirye ke mutuwa, kuma nan ne ba a son tsayawa a taro don ba daɗin ji. Ba yadda za a yi gida tukuna ba gida. Mutane na son su ce ƙwaya ce ko hauka ke jefa mutum titi, kuma lallai suna da hannu wajen tantance wa zai faɗa, amma yawan waɗanda za su faɗa tsadar haya ce ke yanke shi. Jihar West Virginia na cikin waɗanda ƙwaya ta fi yi wa ɓarna a Amurka, Detroit kuma talauci ya yi mata katutu, amma duk ba su kama ƙafar San Francisco ko Seattle a yawan marasa muhalli ba, saboda a can ɗaki na da arha, wanda rayuwarsa ta karkace ma yana iya riƙe wani lungu. Inda ɗakuna suka yi kaɗan, mai rauni shi ake fara turewa.

Hanyar samo gidajen uku ce kuma duk ukun za ku bi. Ta farko ku saya. Y-Foundation ta Finland da aka kafa a 1985 haka ta fara, tana sayen ƙananan fulat ɗaya ɗaya a cikin gine-ginen da kowa ke zaune, da tallafin kuɗin da ke fitowa daga hukumar injinan caca ta ƙasar da kuma bashi mai sauƙi, yau tana da gidaje sama da 18,000, tana cikin manyan masu ba da haya a ƙasar. Juha Kaakinen, tsohon shugabanta, shi ne sakataren kwamitin mutum huɗun nan da ya fitar da rahoton 2007. Ta biyu ku gina, kuma a nan filin gwamnati shi ne jari. Helsinki ita ta mallaki kusan kashi 70 na ƙasar da ke cikinta, tana da kamfanin gidaje nata mai fulat sama da 50,000, kuma duk sabuwar unguwa sai an cakuɗa gidajen haya masu rangwame da na masu kuɗi. Don haka in garinku na da fili, dan Allah kar a yi gwanjonsa don cike giɓin kasafin shekara ɗaya, in ya tafi ya tafi.

Ta uku, wadda ta fi sauri, ku lallaɓi masu gidajen haya. Houston da wannan ta fi tafiya. Mai gida ba mugu ba ne, tsoro yake ji: kar a ƙi biyansa, kar a fasa masa ƙofa, kar maƙwabta su tashi. To ku amsa masa tsoron ɗaya bayan ɗaya. Haya ta riƙa shiga asusunsa kai tsaye kan lokaci, a ware wani asusu na gyaran ɓarna, a ba shi lambar waya ɗaya da in ya kira wani zai ɗauka ko da daddare ne, in ɗaki ya zauna ba kowa na wata guda saboda ku kuna cike takardu to ku biya shi watan. Ku sa mutum biyu ko uku da ba su da wani aiki sai wannan, kuma zai fi kyau a ɗauko waɗanda suka taɓa harkar dillancin gidaje, su suka san yaren. Mai gida ɗaya da aka kyautata wa zai kawo muku biyar, wanda aka bari da fasasshen banɗaki kuma duk garin sai ya ji.

Kada kuma ku tara kowa a gini ɗaya a bayan gari inda ba mota ba asibiti. Wasu, musamman waɗanda suka daɗe ƙwarai ko jikinsu ya yi rauni, sun fi son gini irin na Alppikatu mai ma'aikata a kusa. Mafi yawa fulat a cikin jama'a ya fi musu. A tambayi mutum, a nuna masa aƙalla wuri biyu ya zaɓa.

Bayan an miƙa makullin

Masu ɗaukar hoto a nan suke tafiya, aikin kuma a nan yake farawa. Mutumin da ya yi shekara goma a waje, darensa na farko a ɗaki ba lallai ya zama na murna ba. Ma'aikatan wannan fanni suna yawan ba da labarin wanda za a je washegari a tarar ya shimfiɗa bargonsa a ƙasa kusa da gado, da takalmi a ƙafa, taga a buɗe, wai shirun ne ya hana shi barci. Wani ya koma tsohon wurinsa ya kwana biyu don kaɗaici, abokansa duk suna can. Wani kuma abokan ne za su biyo shi su cika ɗakin, kafin wata guda maƙwabta sun kai ƙara. Duk wannan ba alamar shirin ya lalace ba ne, haka watannin farko suke.

Don haka kowane mutum da ma'aikacinsa, kuma kar a jibga wa ma'aikaci ɗaya mutum sittin a ce yana bibiya. Ga masu ciwo mai tsanani wajen mutum goma ga ma'aikaci ɗaya ake so, cikin tawaga mai nas da likitan ƙwaƙwalwa, ga masu sauƙi bai wuce ashirin ba. Aikin ba wani na ofis ba ne, raka mutum asibiti, zama da shi a buɗe wasiƙun da ya tara yana tsoron buɗewa, koya masa yadda ake biyan kuɗin wuta, zuwa a ba maƙwabci haƙuri. Ku ɗauki waɗanda su ma sun taɓa kwanan titi aiki, a biya su albashi ba godiya ba, don akwai maganar da daga bakinsu kaɗai za a saurara.

Dokar da ba a taɓawa ita ce gidan daban, taimakon daban. In mutum ya ce ba ya son ganin likita ba a ƙwace makulli. In ya koma sha ba a ƙwace makulli. Abin da zai fitar da shi shi ne abin da zai fitar da kowane ɗan haya, ƙin biya ko takura wa jama'a, kuma ko hakan ta faru ba a goge sunansa, a nemo masa wani wurin, karo na biyu, karo na uku. Akwai wanda sai a gida na uku yake zama.

Ƙofa ɗaya

A 2011 Houston na da mutum wajen 8,500 marasa muhalli, tana cikin na gaba-gaba a Amurka, kuma ba wai ba ƙungiyoyi ba ne, suna nan birjik, kowa na nasa, kowa na neman tallafi daga wuri ɗaya, mutum ɗaya zai cike fom a ofis biyar ya maimaita labarin baƙin cikinsa sau biyar. A zamanin magajiyar gari Annise Parker aka tattaro su ƙarƙashin tsari ɗaya mai suna The Way Home daga 2012, birni da ƙananan hukumomin kewaye da hukumomin gidaje da ƙungiyoyi sama da 100, ƙungiyar Coalition for the Homeless ke riƙe da ragama. Fom ɗaya, rumbun bayanai ɗaya, layi ɗaya, kuma wanda ya fi kusa da mutuwa a titi shi ne a gaba, ba wanda ya fi iya magana ko ya riga zuwa ba. Cikin shekara goma sun sa sama da mutum 25,000 a gida, adadin ya faɗi da kashi 60 da wani abu.

Yadda aka shawo kan ƙungiyoyin ba wa'azi ba ne, kuɗi ne. Kana son tallafi, shigo tsari. Wasu sun ji haushi don an ce su bar abin da suka saba su koma abin da ake buƙata. Ku shirya wa wannan rigimar tun wuri. Sansanonin tantuna kuma Houston ba ta fara da motar rusau, ma'aikata ke shiga na makonni su san kowa, a tanadi ɗakuna daidai yawan mutanen, a kwashe su zuwa gida, sannan a share wurin a rufe. Kora kawai tufka da warwara ce, sun koma titi na gaba, kuma a cikin kayan da aka zubar har da katin shaidar nan da aka sha wuya kafin a samo.

Ku toshe inda ruwan ke shigowa

In kuna sa mutum 50 a gida duk wata, 60 na faɗowa, to ɗiban ruwa kuke da rariya. A jerin sunayenku ku riƙa duba sababbin shiga, daga ina suke zuwa? Amsar ba ta cika canzawa ba: wanda mai gida ya ba notis, wanda aka sako daga gidan yari da leda a hannu, wanda asibiti ta sallama, yaron da ya cika shekara 18 a gidan marayu aka ce ya kama gabansa, matar da ta gudo daga duka. Duk waɗannan, ban da ta ƙarshe, an san ranar fitarsu tun da wuri. Wales da ke Birtaniya ta sa a dokarta ta gidaje ta 2014 cewa dole ƙaramar hukuma ta taimaki duk wanda zai iya rasa gidansa cikin kwana 56 masu zuwa, Ingila ta bi sahu da dokar 2017. A Finland akwai masu ba da shawarar gidaje da ke aiki tare da kamfanonin haya, da an ga mutum ya fara bin bashin haya sai a kira shi a tsara biya kafin magana ta kai kotu. Biya wa mutum bashin wata biyu ya fi arha nesa ba kusa ba a kan ɗauko shi daga titi bayan shekara biyu.

Maganar kuɗi da maƙwabta, a taƙaice. Za ku ji ana cewa tsarin na biyan kansa. Wani bincike a garin Tampere na Finland ya nuna ana rage kashe wajen yuro 15,000 a shekara kan mutum ɗaya, kuɗin motar asibiti da gadon gaggawa da 'yan sanda da kotu. A gwajin Kanada kuwa, kan masu buƙata mai tsanani duk dala 10 da aka kashe an tsira da 9.60, amma kan masu matsakaiciyar buƙata 3.42 ne kawai. Kuma rarar a aljihun asibiti da gidan yari take faɗawa, ba a naku ba. To kar ku yi wa majalisar gari alkawarin riba, ku ce mata kuɗin da ake kashewa yanzu ma ba kaɗan ba ne kuma ba ya sama wa kowa ɗaki. Maƙwabta kuma za su yi bore, a Helsinki ma sun yi. Abin da ya kwantar da su shi ne zama da su kafin a buɗe gini, lambar waya da ake ɗauka, da ganin mazaunan da kansu suna fitowa tsintar shara da gyaran lambun unguwa.

Kar ku yi saurin buga ganga

Abin da ya sa na Finland ya yi tasiri, gwamnatoci sun yi ta canzawa, na dama da na hagu, shirin bai tsaya ba, PAAVO na ɗaya, na biyu, sannan wani na rigakafi daga 2016. Vapaavuori ɗin ma ɗan jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ne, daga baya ya zama magajin garin Helsinki. A Houston Sylvester Turner ya gaji Parker ya ɗora daga inda ta tsaya. Don haka ku rubuta yarjejeniya da kowane ɓangare zai sa hannu, da adadin ɗakunan da kowa zai kawo da shekarar da zai kawo su, kuma kar a laƙa wa shirin sunan wani ɗan siyasa, wanda zai gaje shi ba zai so ya raini ɗan wani ba.

Ku kuma yi hattara da lissafin da ya yi daɗi da yawa. Jihar Utah ta sanar a 2015 cewa ta rage waɗanda suka daɗe a titi da kashi 91, duniya ta ɗauka, daga baya masu bincike suka gano wani babban kaso na faɗuwar daga canza yadda ake ƙirga ne. Medicine Hat, garin da bai wuce mutum dubu sittin da 'yan kai ba, ya fara shirinsa a 2009, a 2021 aka tabbatar ya kai matsayin da waɗanda suka daɗe ba muhalli ba su wuce uku ba wata uku a jere, na farko a Kanada. Kafin shekarar ta ƙare adadin ya sake hawa. Houston guguwar Harvey ta 2017 ta mai da ita baya na ɗan lokaci, kuma wani babban ɓangare na kuɗin da ta yi aiki da shi daga baya na tallafin korona ne mai ƙarewa. Finland kanta a 2024 adadinta ya ƙaru zuwa wajen 3,800, karo na farko cikin sama da shekara goma, daidai lokacin da gwamnati ta zaftare tallafin haya.

Saboda haka a kasafin kuɗi, haya da albashin ma'aikatan bibiya su shiga sahun abin da ake biya duk shekara kamar kwasar shara da kashe gobara, ba aikin shekara uku da ke jiran mai ba da tallafi ba. Taron duba sunaye kuma ya ci gaba a ranarsa ko da suna huɗu ne suka rage a takardar, lambobi uku ake karantawa a farkonsa: nawa suka shigo wannan watan, nawa suka samu makulli, nawa cikin waɗanda aka ba bara suka dawo.